Ƙarar da ke kunnen Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago aka kira ni, wai Dokta Nafi'u ya rasu da asuba.

Tare muka yi firamare a Roni. Ni na tsaya gyaran waya a Kazaure, shi ya yi nisa a karatu, ya koma gina kunnen mutum a cikin kwamfuta. Wai lissafi ne mai kwaikwayon yadda sauti ke bi daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Nakan ce masa, "Kai dai ka rasa aikin yi!"

Ashe mahaifiyata abin zai yi wa rana.

Inna ta daɗe tana jin wata siririyar ƙara a kunne, ba dare ba rana. Dangi suka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, jikoki suka daina shiga ɗakinta. Har an fara maganar a kai ta wajen mai magani a bar ta can.

Nafi'u ya zo da laftof, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya rage wa kunnen kwamfutar ji kamar na tsohuwa, ya hana shi kowane sauti. Ɗaki ya yi tsit. Can sai ga ƙara tana fitowa daga sifika, alhali ba wanda ya kunna komai.

Inna ta damƙe hannuna. "Ita ce! Kuna jin ta?"

Ya ce, "Muna ji, Inna. Idan jin kunne ya ragu, ƙwaƙwalwa ce ke ƙure ƙarfinta har ta jiyo abin da babu. Ba iska ba ce."

Ranar ta yi kuka sosai. Ba wanda ya sake zancen kai ta ko'ina.

Ganinmu na ƙarshe a tasha ne, zai wuce Babura. Ya rame ƙwarai. Ya taɓa kunnensa na hagu ya ce, "Ka gaya wa Inna yanzu mu biyu ne masu jin ta." Na ɗauka tsokana ce, amma na isar mata da saƙon.

Ɗazu na je in sanar da ita. Ban ko buɗe baki ba ta ce, "Nafi'u ne, ko? Tun asuba ƙarar ta ɗauke. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, kuma ba na son sa."

Allah Ya jiƙan ka, abokina, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Ku haɗa da Inna, ta ƙi yarda a bar ta ita kaɗai a ɗaki.