Madara a Tsallaken Kwata

A Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarabawa, abin da ake aunawa an san shi. Hatsi da mudu, nama a sikelin mahauta, goro kuwa ƙirga shi ake yi. Mutum ba a auna shi. To, a shekarar da za a yaye yaron nan, ana gab da fara yaƙin basasa, sai aka zo auna mutane.

Maigidana ne ya shigo da labarin daga ƙofar Sarki. Wai gwamnati za ta fara raba garin madara ga ƙananan yara, amma kafin ta raba wa kowa tana so ta san ko madarar tana da amfani. Inna, uwar mijina, ta ce, "Madarar ce ba a san amfaninta ba? A je a tambayi ɗan maraƙi mana." Maigida ya ce masu boko ba haka suke yi ba. Su sai sun ba wasu, sun hana wasu, sun auna duka, sannan su gane.

Akwai wata babbar kwata da ta raba layinmu biyu. Gidajen da ke sama da ita, ta wajen masallaci, za a ba su madara a kuma auna 'ya'yansu. Mu na gangare, inda ruwan tudun Mokola yake sauka da damina, awon kawai. Maigida ya ce, "To, awon ma ai kyauta ne." Ya sa hularsa ya koma wajen goro.

Yaron nan ɗana ne na fari. Saboda haka ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban manya sai in nono zan ba shi, ba na nuna na san yana duniya. Haka uwata ta yi wa yayana. Kunya ce, kuma yarinyar da ba ta da ita sai labarinta ya riga motar goro isa Kano. Inna kuwa, da yake jikanta ne, mijinta take ce masa, ta yi ta tsokanarsa wai bai kawo cefane ba.

Ƙyanda ta kama shi kafin ruwa ya sauka, ta tafi ta bar mini rabinsa. Gashinsa ya yi ja kamar gemun masara, ciki a gaba, ƙafafu kamar sillen kara. Ina da nawa awon da ba wanda ya sani. Idan na shiga ɗaki sai in saki labule, in zagaya babban yatsana da manuni a damtsensa. Suna haɗuwa, har da saura. Kullum ina yi, kullum ina cewa ba zan ƙara ba.

Mata biyu ne suka zo awon. Wata doguwar Baturiya mai malafa irin ta makiyaya, da wata nas Bayarabiya wadda ta taso a Zariya, Hausarta tas, sai dai ta kasuwa ce. Suka rataya sikelin a reshen gwaiba da ke tsakar gida, suka zura yaron a wani wando mai igiya. Yana lilo yana tsala kuka, Inna tana tofa masa addu'a don kada baki ya kama shi. Allurar sikelin ta je daidai bakin wani jan layi ta tsaya. Ba ta faɗa ciki ba, ba ta kuma wuce ba.

Nas ta juyo wajena. "Iyawo, wannan naki ne?" Haka take kiran duk macen da ba ta tsufa ba.

Na dubi bango. Inna ta ce, "Na gidan ne."

"Yana cin abinci? Yana zawo?"

Na ce, "Ban lura ba." Zannuwan da na wanke masa da safen nan suna shanye a bayanta, iska tana kaɗa mata su a wuya.

"Akwai abin da yake damunki game da shi?"

Inna tana kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Hannunta bai tsaya ba, amma na san inda kunnenta yake. Na ce, "Ni? A'a."

Nas ta juya wa Baturiya da Turanci. Baturiya ta dube ni, ta yi rubutu mai tsawo. Suka kwance sikelinsu suka shiga gida na gaba.

Sai da maƙwabciyarmu mai kitso ta zo tsefe mini kai na ji abin da na yi. Ita ma 'yar gangare ce, amma an ba ta madara. Ta ce ai akwai doka: yaron da yake bakin jan layi, idan uwarsa ta ce ba shi da lafiya, ana cire shi daga lissafin a ba shi, ko a wane gefen kwata yake. Nata ɗan na biyar ne. Ta zaunar da su ta zazzage musu komai, har da tarin mijinta. Ta ce, "Ke me kika ce musu?" Na ce ta ja mini gashi a hankali.

Na ƙudura in sun dawo zan yi magana. Na shirya maganar, na yi ta bitarta a bakin turmi. Da suka dawo wata na gaba, Inna ta shimfiɗa tabarmarta a inda ta shimfiɗa wancan karo. Nas ta tambaya. Na dubi bangon nan dai.

Yaye ne ya ba ni hanya. A al'adarmu ba a yaye yaro a gaban uwarsa, ana kai shi wani ɗaki ko wani gida har ya manta da nono. Kowa ya ɗauka ɗakin Inna za a kai shi, taku kaɗan daga nawa. Amma maigida yana da Gwaggo, ƙanwar ubansa, mai sayar da koko, kuma gidanta yana sama da kwata. Na san ba zan iya cewa a kai shi don ya sha madara ba. Sai na jira Inna tana kusa, na ture shi daga jikina, na ce, "Yaron nan ya ishe ni. In yana jin muryata ba zai bar ni in yi dakan fura ba. Da ma a kai shi nesa, ko gidan Gwaggo."

Inna ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Mijin nawa zan ɗauka in kai wa waccan tsohuwar? Ita da ko haƙorin gaba ba ta da shi?" Na ci gaba da daka. Washegari ta yafa mayafi, ta goya shi da kanta ta tsallaka kwata. Na ji ta tana faɗa wa mata a hanya wai surukarta akwai kunya, ko kallonsa ba ta yi ba da za su fita. Gaskiya ne, ban kalla ba. Ina bayan rumbu.

Gwaggo ta sa aka rubuta shi a gidanta. Tana dama masa madarar a koko safe da yamma. Ni ban gan shi ba, sai labari daga masu shige da fice: yau ya shanye kofi, yau ya ciji Gwaggo.

To amma mu ma an rubuta shi a gidanmu, kuma Inna ta ce ba za a zo awo a tarar mijinta ba ya nan ba, a ce ta kasa riƙe miji. Masu awon kan fara da sama da hantsi, su gangaro wajenmu bayan azahar. Don haka ranar awo Gwaggo takan miƙa shi a auna da safe, Inna ta je ta ɗauko shi a auna da rana, ni kuma a tura ni ɗaki don kada ya gan ni ya tuna nono. Ta ramin labule nake kallon allurar tana matsawa daga jan layin.

Ba mu kaɗai ba ne. Kafin damina ta yi nisa, duk wata mai goyo a gangare ta tuna tana da gwaggo a sama. Ban taɓa ganin shekarar da aka yi yaye kamar wannan ba. Waɗanda ba su da gwaggo kuwa, ai ba a cin abu a Sabo maƙwabci yana kallo. Kwano yakan tsallaka kwata a rufe, ya dawo a rufe.

Nas ce ta gane shi, ta wani tabon ƙyanda a bayan kunne. Ta ɗaga kunnen, ta ce wa Inna, "Mama, wannan mutumin na auna shi ɗazu a gidan mai koko."

Inna ta ce, "Nawa ya yi a can?"

"Ya fi nan nauyi kaɗan."

"Ai ya yi kashi a hanya."

Nas ta juya wa Baturiya. Suka daɗe suna Turanci. Baturiya ta buɗe takardunta na sama da na gangare tana duban wannan tana duban wancan, sai ta zauna a kan turmina, ta cire malafar ta ɗora a gwiwa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ba ni tausayi, don ta sha rana wata da watanni, har hancinta ya saɓule. Daga baya ta sa a tambaya: me ya sa uwarsa ba ta faɗa tun farko cewa ba shi da lafiya ba, da an ba shi madarar a gidansu?

Inna ta ce, "Ki gaya mata ba uwa ake tambaya ba. Ina zaune a nan kamar tulu, wa ya tambaye ni?"

Nas ta juya mata da Turanci. Baturiya ta rubuta wannan ma.

Ba su ƙara zuwa ba sai sau ɗaya, su yi sallama. Bayan haka madara ta tsaya, sama da gangare. Maigida ya ji a ƙofar Sarki wai awon bai nuna wani bambanci ba tsakanin yaran da suka sha da waɗanda ba su sha ba. Wasu suka ce a'a, yaƙi ne ya yi zafi, aka juya buhunan zuwa inda yunwa ta fi. Mata suka raba laifi, na sama suna cewa mu muka ɓata sikeli, mu muna cewa ai 'ya'yansu ma da kokon gangare suka girma. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba. A lokacin ina da ƙaramin ciki, kuma nakan kwanta ina tunanin wanda ke tafe, da ƙyanda, da cewa babu sauran gefen kwatar da za a kai shi.

Gwaggo ta dawo da yaron nan ranar wata Juma'a, ta ce ta sake shi, miji ne mai ci ba ya kawowa. Da ƙafarsa ya shigo, riƙe da gefen zanenta. Gashin ya fara baƙi daga tushe. Ya dube ni kamar yadda ake duban baƙuwa, ya wuce wajen akuya. Ni ma na ci gaba da tankaɗe.

Inna ta tashi ta ɗauki buta, alhali la'asar da saura. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ki kama mini mijin nan kada ya faɗa rijiya. Zan daɗe."

Na kamo shi ta damtse, don kada ya faɗa rijiya. Yatsuna ba su haɗu ba.