Buzuzu a Layin Asibitin Ido

A layin asibitin ido a Manaus, wata dattijuwa tana zaune kusa da ni, takalmanta duk busasshen taɓo. Tana juya 'yar kwalba mai koren buzuzu a ciki, ta matso da ita fuska, ta nisanta.

"Baba, guzuri ne?" in ji wani mai bandeji a ido.

Ko murmushi ba ta yi. "Ɗana, wannan ko suna bai samu ba. Sai na ƙirga gashin ƙafarsa a madubi in tabbatar sabon iri ne. To, gashin ya daina ganuwa."

Ina jin a wannan ƙirgar ƙuruciyarta ta ƙare. Ana kiranta, ta soke kwalbar a aljihu, ta miƙe tana laluben bango.