Robar da Ta Ƙi Narkewa

Duk mai furfura a garinmu Dalby ya san ranar da Harlan Tackett ya gasa tafin hannunsa da kansa. Ni Opal ina wurin, da cokali a hannuna, saboda haka kada wani ya zo ya ce zai gyara mini labari.

Wata Lahadi ce a tsakiyar Yuli, an fito coci ana cin abinci a rumfar bayanta: gasasshen naman sa, wake, gurasar masara, shayi mai ƙanƙara. Sai ga Delmer, ƙanen matar Harlan, wanda bai daɗe da samun aikin gadin kurkuku ba, yana ta nuna wa maza sabuwar ƙaramar bindigarsa. Irin waɗanda suka fara shigowa ne a lokacin, baƙa wuluk, mariƙinta da gangar jikinta duk roba, samanta ne kawai ƙarfe. Ka harba ɗaya, ita da kanta ta tofar da kwanso ta ɗora wani harsashin.

Harlan ya karɓe ta da yatsa biyu kamar an miƙa masa mataccen ɓera.

"Delmer, da murfi ake sayar da ita? Yayarka na neman abin zuba sauran wake."

Maza suka kwashe da dariya. Delmer ya ce, "Yaya Harlan, harsashi goma sha bakwai take ci. Taka fa?"

"Shida. Wanda ya iya harbi ɗaya ya ishe shi. Wannan kuwa ka bar ta a mota da ranar nan, ka dawo ka kwashe ta da ludayi."

Matar Harlan, Nadine, tana yanka gurasa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "To mai gida, ga mota, ga rana. A ajiye su biyun mu gani."

Fasto da kansa ya zazzage harsasan duka a cikin malafarsa, yana cewa Allah Ya shirya tumakin da aka ba shi kiwo. Aka jera bindigogin a gaban a-kori-kurar Harlan, daidai ƙarƙashin gilashi, aka rufe tagogi ruf. Da aka gama ci aka sha hira, kowa ya bi su baya, har matan da ke wanke kwanuka. Delmer ya ɗauki tasa, da ɗumi dai, amma ko lanƙwasa ba ta yi ba. Harlan ya kai hannu ya damƙi tasa bindigar, libarba ta ƙarfe, gadon ubansa. Ihun da ya yi sai da karnukan unguwa suka amsa. Ya yar da ita ta faɗo masa a kan babban yatsan ƙafa.

Nadine ta shafa masa man shanu a hannu tana cewa, "Ka ga, aƙalla wani abu ya narke."

Ya tafi gida da hannu a naɗe, amma bai sauka daga kan bakarsa ba. Cewa ya yi ranar ce ba ta yi zafi sosai ba.

Haka Harlan yake. A gonar nan aka haife shi, a ɗakin da daga baya ya zama wurin ajiye sirdi. Jajayen shanu ubansa ya bar masa, da rijiya mai famfon iska, da taurin kai wanda ya fi su duka yawa. Dogo ne kamar turken waya, kuma magana a wurinsa kamar ana cire masa haƙori, sai fa in gardama ce. Ya taɓa nemana rawa sau ɗaya muna 'yan mata, ya tattake mini ƙafafu biyu, na ce wa ƙawata Nadine, "Ki ɗauka, na bar miki." Ta ɗauka kuwa, ta riƙe shi har ƙarshen ranta, kuma ban taɓa jin ta ce ta yi da-na-sani ba, ko da yake na sha tambayarta.

Ba ya shan giya, ba ya caca, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. In saniyar maƙwabci ta kasa haihuwa, shi ake kira, ya zo ya zura hannu har kafaɗa, ya tafi bai tsaya an gode masa ba. Lokacin da mijina na biyu ya gudu da wata mai gyaran gashi, Harlan ne ya gyara mini shinge, abin da ya ce kawai shi ne, "Dama turakunsa ba su da zurfi."

Sai duniya ta fara karɓar kayanta. Fari ya zo ya zauna, ciyawa ta ƙone, ya sayar da shanu kashi-kashi har suka rage ba su cika garke ba. Ciwon daji ya ɗauke Nadine a hankali, yana kallo. 'Yarsu guda, Rhonda, tana aikin jinya a birnin Amarillo. Shi kuma amosanin gaɓɓai ya kama masa hannaye, yatsun suka karkace kamar ɗanyar citta. Doguwar bindigarsa tun da wani sa ya gurɗe masa kafaɗa ya rataye ta a bango.

Rhonda ba muguwar yarinya ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa. Ta samo masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ita, mai taga da ke kallon wurin ajiye motoci. Ya ce sai dai a kai gawarsa. A gabana suka yi yarjejeniya, a teburin kicin.

"Baba, ranar da ka kasa kare shanunka da kanka, ranar za ka biyo ni. Ka yarda?"

"Na yarda. Ki sa ran dogon jira."

Ita ba ta san abin da ni na sani ba. Libarbar nan ta riga ta fi ƙarfinsa. In ya ɗaga ta, bakinta sai ya yi ta sunkuyawa kamar mai gyangyaɗi a coci, babban yatsansa kuma ba ya iya ɗana ta. Ga lokacin haihuwar shanu yana matsowa, ga diloli sun yi yawa a rafin bayan gonarsa. Dila kuwa ya san saniya mai naƙuda ba ta iya tashi.

Wata safiya ya tsaya a ƙofata yana juya malafa a hannu.

"Opal, za ki shiga gari?"

"In na shiga fa?"

"Shagon Royce nake son zuwa."

"Me ya ƙare? Harsashi?"

Ya kalli takalminsa. "An ce waɗancan ba su da nauyi."

"Waɗanne? Na zuba wake?"

Na ɗauko makullin mota muka kama hanya.

Rashin sa'armu, shagon Royce ba shago kawai ba ne, majalisa ce. Akwai benci da tukunyar kofi, tsofaffin garin nan suna zaune tun safe suna gyara gwamnati. A tsakiyarsu ga Delmer, ya yi ritaya, ya ajiye tumbi kamar mai ciki wata tara. Yana jin abin da ya kawo mu ya kusa shaƙewa da kofi.

"Jama'a, ku duba waje ko an fara ruwan kwaɗi! Yaya Harlan zai sayi roba!"

Royce mutumin kirki ne, bai yi dariya ba. Ya kalli hannayen Harlan sau ɗaya, ya fito da uku ya jera a kan kanta: babba irin ta 'yan sanda, matsakaiciya, da wata 'yar mitsitsiya da za ta ɓuya a tafin hannu. Ya tura matsakaiciyar gabansa.

"Baba Harlan, ka ga wannan. Samanta ba ya wuyar ja, mariƙinta ya cika hannu, ba ta zabura sosai. An yi ta ne don masu ciwon hannu."

Delmer ya ce, "Ai irinta ce a jakar Opal. Ku yi anko mana."

Gaskiya ne, irinta ce a jakata, tsakanin man leɓe da maganin hawan jini. Na ce, "Delmer, ni ko ba komai ina ganin abin da ke ƙasan cibiyata. Kai rabonka da ganin ƙafarka tun yaushe?" Aka yi dariya, amma aikin gama ya gama. Na ga wuyan Harlan ya yi ja.

Ya sa hannu ya ɗauki 'yar ƙaramar. Ya auna ta a tafinsa, ya zura ta a aljihun riga, ta ɓace ɓat. A nan na gane lissafinsa. Nauyi ne ya kayar da shi, ga mara nauyi. Kuma ba wanda zai gan shi da roba a ƙugu.

Royce ya ce, "Baba, kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka. Ƙaramar ta fi babbar naushi, ta fi ta tauri wajen ja. Kuma irin waɗannan sai an riƙe su gam. In wuyan hannu ya saki, ba ta samun abin da za ta dogara da shi ta tofar da kwanso, sai ta cije. Zo bayan shago ka gwada su duka, harsashin kyauta ne."

Ka san mazan wurinmu. Mutum zai yarda ya gwada takalmi, ya gwada mota, amma a ce tsohon da ya fara harbi kafin ya fara aske gemu ya je a koya masa riƙon bindiga, abokansa na leƙe ta taga? Delmer har ya miƙe da kofinsa zai bi su kallo.

Harlan ya ce, "Royce, ina harbi tun ubanka na yawo ba wando. Naɗe mini ita."

"In ta fita ƙofar nan ba a dawo da ita, ka sani."

"Ni ma ban cika dawowa ba."

A mota na buɗe masa wuta. Na ce girman kai rawanin tsiya ne, na ce mu biya ta gidana ya harba tawa a bayan rumbu inda ba mai gani sai kaji. Ya ce kajina ma 'yan gulma ne, a wurina suka koya. Daga baya na gano ko jan saman sabuwar bindigar ba ya iyawa da hannu. A gefen teburin kicin yake danna ta da nauyin jikinsa har harsashi ya hau, sannan ya sa a aljihu. Bai taɓa harba ta ba ko sau ɗaya. Ina jin tsoron abin da zai gani yake yi.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ina shanya kaya. Na ji harbi ɗaya daga wajen rafi. Na tsaya ina jiran na biyu, bai zo ba. Na ce a raina, tsohon banza, ashe har yanzu ɗaya ta ishe shi. Na gama shanyata, na ɗora wake. Sai da rana ta take na ga a-kori-kurarsa ba ta dawo ba, na bi sawu.

Na same shi kwance a gefen shingen waya, ƙugu a karye. Maybelle ce ke naƙuda, saniyar da Nadine ta raina da kwalba tun tana maraƙa. Diloli sun same ta a ƙasa, ɗan ya fito rabi. Abin da suka yi wa maraƙin da bayan uwar, ba zan rubuta ba. Ya harba, bai samu ko ɗaya ba, bindigar ta cije. Ya ja, ya ja, yatsun suka ƙi. Ya jefe su da ita, ya bi su da malafa yana ihu, ƙafarsa ta faɗa rami. Daga nan yana kwance yana kallo har suka ƙoshi.

Na tsinci bindigar a cikin ciyawa, kwanso a tsaye a bakinta kamar taba a bakin ɗan iska.

Maybelle na numfashi har lokacin. Harlan bai ce ƙafata ba, bai ce ruwa ba. Ya ce, "Opal, jakarki na nan?"

Na buɗe jaka. Ya juya fuska wajen shinge. Ni na harbe ta don ta huta, aikin da shi ya yi wa rabin garin nan a tsawon rayuwarsa.

A asibiti aka yi ta ta ƙare. Rhonda na tsaye a ƙafar gado da kayan aikinta, idanu sun kumbura. Delmer na rakuɓe a kusurwa, ya kasa haɗa ido da kowa. Ni kuwa na ɗaura ɗamara.

"Rhonda, ba ubanki ne ya kasa ba, kayan aiki ne bai dace ba. A sayo masa irin tawa. Ni zan riƙa leƙa shi safe da yamma."

"Gwaggo Opal, ke ma shekarunki nawa? Wa zai riƙa leƙa ki?"

"Ke yarinya, na binne miji ɗaya na rabu da biyu, kada ki ƙirga mini shekaru. Kin taɓa ganin an cire tsohuwar bishiya an dasa a tukunya ta yi rai?"

"Na ga tsofaffin da aka tsinta bayan kwana uku, Gwaggo. Ni nake wanke su."

Delmer ya yi gyaran murya. "Gaskiyar Opal ce. Waɗannan ƙananan robobin ba su da amana. Da ƙarfe ne a hannunsa..."

Na juya kansa. "Au, yau kuma? Kai da ka cika mana kunne da ita shekara talatin?"

Muka kaure, ni da Rhonda da Delmer, kowa na jan nasa, ana ta roba, ƙarfe, roba, har wata ma'aikaciya ta leƙo. Duk wannan Harlan na kwance yana kallon hannayensa a kan bargo. Sai ya ɗaga ɗaya, da ƙyar, kamar mai tsayar da mota.

"Ku ƙyale robar nan ta huta. Rhonda, je ki ce su share ɗakin nan na gidan tsofaffi." Ya kalle ni, ya kalli Delmer. "Shekara talatin ina jiran in ga ta narke. Tana nan yadda take. Ni ne na narke."