Shekarar da Aka Karɓe Mini Lamba Tara

Shekarun baya, lokacin ina kwaleji a nan Minna, ni ne mai lamba tara, wato ɗan gaba mai cin ƙwallo, a ƙungiyar ƙwallon makarantarmu. Shekara biyu ina riƙe da rigar, shekara biyu ana fitar da mu tun a zagayen farko, amma ban taɓa kawo wa raina cewa abubuwan nan biyu suna da alaƙa ba. A wurina laifin kullum na 'yan tsakiya ne, ko na alƙalin wasa.

Ina da wani aboki ɗan ajinmu, ɗan gidan manoma daga Paiko, kullum a bas yake zuwa ya koma. Saboda nisan gida, a gidanmu da ke Tudun Wada yake cin abincin rana, har mahaifiyata ta saba zuba nasa ko ban faɗa ba. Wata rana ba mu cika ba a wajen atisaye, sai na ja shi ya cike mana gurbi. Kafin a tashi ya zura uku a raga.

Bayan mako biyu kocinmu ya kira ni gefe. Ya yi ta yabon tsayina da faɗin ƙirjina, ina ta murmushi, ashe shimfiɗa yake yi. Ya ce daga ranar nan tsaron baya zan koma, abokina ne zai sa tara.

Ban yi faɗa da kowa ba, ɗaure fuska kawai na yi. In abokin nawa ya gaishe ni sai in amsa a taƙaice, in an tashi daga lacca in sulale ni kaɗai. Aka fara gasar manyan makarantu, muka ci wasa uku a jere, abin da bai taɓa faruwa ba a zamaninmu. Duk sa'ad da ya ci ƙwallo aka ruga ana rungumarsa, ni kuwa a daidai lokacin igiyar takalmina take kwancewa.

Sai ya daina zuwa fili. Ya gaya wa koci wai haƙar doya ta taso, mahaifinsa yana bukatarsa a gona. Aka maido mini da rigata. A wasa na gaba aka miƙo mini ƙwallo, mai tsaron gida ya riga ya faɗi, raga a buɗe, na ɗaga ta sama har ta tsallake katanga. Muka tashi babu ci. Koci ya tuna wa kowa cewa in muka sake tuntuɓe, mun fita.

A makon nan mahaifiyata ta tambaye ni ina abokina, kwana goma tana rage tuwo. Na ce yana gona. Ta daɗe tana kallona.

"Baƙon da ya saba da gida ba ya ɗauke ƙafa haka kawai," in ji ta. "Ka binciki fuskarka."

Ranar Asabar na hau bas zuwa Paiko. Na tarar doya tuni an gama haƙa, ga ta jibge a rumfa, shi kuma yana gindin mangwaro yana gyara keken mahaifinsa. Ya ɗago ya gan ni, ya tambaya da Hausarsa da ba ruwanta da namiji ko mace: "Mama ya san ka zo?"

Na ce ita ce ma ta koro ni. Da na matsa masa a kan maganar gona, sai ya ajiye sifana.

"Ƙwallo, in mun gama makaranta ya ƙare," ya ce. "Kai ne ka kai ni filin nan. In riga zai sa ka daina min magana, ka riƙe riga."

Kunya ta rufe ni. Sai na ba shi labarin ƙwallon da na ɓarar. Ya ce ai tun ranar Laraba labarin ya iso Paiko, wani direba ne ya kawo shi. Muka yi dariya har mahaifiyarsa ta leƙo. Na ce masa ranar Litinin in bai zo fili ba, ni ma ba za a gan ni ba.

Ya zo. Ni da hannuna na miƙa masa rigar, na koma baya, wannan karon da zuciya ɗaya. Abin mamaki, sai wurin ya karɓe ni. Duk wata kwanar da malalacin ɗan gaba yake laɓewa yana jiran a kawo masa na san ta, domin shekara biyu can nake zaune. Daga nan ba a ci mu wasa ko ɗaya ba. A wasan ƙarshe abokina ya ci ɗaya kafin hutun rabin lokaci, sauran lokacin kuma mu 'yan baya muka sha wuya, da kai da ƙirji da gwiwa muka yi ta tarewa har aka busa tashi. Muka ɗauko kofi, 'yan acaɓa suka raka mu da ham har ƙofar makaranta.

A duk kakar nan ban ci ƙwallo ko ɗaya ba. A hoton da aka ɗauka ma ina can baya, rabin kaina ne kawai ya fito. Amma ita ce shekarar da na fi jin daɗin wasa a rayuwata.

Yanzu ina aikin ofis, kuma na sha ganin an kawo wanda ya fi ni iya abin da nake taƙama da shi. Zuciya takan ɗan motsa har yau, ba zan ɓoye muku ba. Sai in tuna cewa Allah bai halicci mutum ba tare da gurbinsa ba, sai dai wani lokaci gurbin ba ya inda ake tafi. Abokin nan nawa kuwa har gobe muna tare. 'Ya'yansa Baba suke kirana, kuma duk sanda muka haɗu sai ya tambaye ni ko an gano ƙwallon nan da na aika bayan katanga.