Ranar da Na Kai Hoton Kakanmu Lakwal

Ƙamshin kanumfari ne ya tono mini wannan zance. Wata ɗalibata ta kwance ƙyalle a kan teburina, ta fito da wani tsohon hoto, sai ƙamshin kayan tsofaffi ya buge ni.

Ka san, sa'ad da nake yarinya hoto ɗaya ne tak a gidanmu na Matameye: na kakanmu namiji, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Ranar kasuwa aka ɗauke shi, zaune bisa kujera, hannuwa a gwiwa. Kaka tana ajiye shi cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwanta. Sai da Sallah take fito da shi mu kalla, ban da taɓawa.

Ina aji huɗu mushe, wato malaminmu, ya ce kowa ya zo da wani abu na tarihin gidansu. Na faki idon Kaka tana surfe, na zare hoton, na sa cikin littafina. A lakwal, wato makaranta, na sha kallo, har mushe ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Damina ce. Ana tashi hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya tsuge ina tsakiyar hanya. Na cusa littafin cikin riga na sheƙa, amma ina! Da na buɗe, hoton ya manne da takarda. Na ɓamɓaro shi, rabin fuskar ya tafi.

Na zaci duka zan sha. Kaka ta karɓa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ni dai na san kamanninsa. Ku ne kuka yi rashi." Da ta doke ni, da ya fi mini sauƙi.

Yau ni ce malamar aji, kuma bana na ba yara irin wannan aikin. Ordinater, wato kwamfuta, ɗaya gare mu, a ofishin darakta, wuta kuwa sai ta ga dama. Na'urar kwafar hoto babu. Da wayata muke yi. Mu shimfiɗa farin ƙyalle a inuwar bishiyar bedi don kada hoton ya yi ƙyalli, mu ɗauka, mu zuba a ordinater, yara su rubuta labarin mai hoton a ƙasa. Doka ɗaya na kafa: ba a kawo hoto sai da yardar mai shi.

Wata tsohuwa daga Kurni ta ƙi ba jikarta hoton mijinta, ta kawo da kanta, tana riƙe da gefensa har na ɗauka. Na buɗa shi da yatsu biyu, fuskar mijinta ta cika wayar. Ta kama baki.

"Ashe har tsagarsa tana nan!"

Ta ce in aika wa ɗanta da ke Agadas. Na aika, ba ta gama gyara mayafi ba ya kira. Abin da ya shekara arba'in a ɗaki ɗaya, ga shi ya je Agadas kafin azahar.

Ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"'Yata, gobe kina nan? Akwai na uwata."