Dutsen Taimama da Gado na Huɗu

Har yau ranar da na fara aiki a ƙaramin asibitin garinmu, a ƙasar Ƙanƙara, ba ta fita raina ba. Abin da na fara gani takalma ne a bakin ɗakin mata, guda bakwai, babu wanda ke da ɗan'uwansa. Daga baya na gane cewa masu su da gudu suka baro gida.

Hutun damina ne, ina aji biyar na sakandare. Ku da ƙungiyar taimakon gaggawa ta makaranta za ta tura bana, ku sani ɗaliba ba ta yin allura, ba ta ba da magani. Sista Binta, wadda ke riƙe da asibitin, aiki biyu ta ba ni: rubuta suna a kati, da zagaya gadaje lokacin salla. Mai iya alwala in kai mata buta. Wadda ciwo ya hana taɓa ruwa in kai mata dutsen taimama, wani baƙin dutse mai santsi da ake ajiyewa a kan taga.

A gado na huɗu akwai Inna Hansatu, daga wani ƙauye a bayan Sheme. 'Yan bindiga sun riƙe ta a daji makonni, mijinta kuma bai fito ba. Tafiya ba takalmi ta farfasa mata ƙafafu, an naɗe su da bandeji har ƙwauri. Da azahar na miƙa mata dutsen, ta juya fuska bango. La'asar ma haka. A rana ta uku ta yi magana, a hankali.

"Ɗiyata, ɗauke abin nan. Wanda ya harbi mijina Malam a gabana, da kabbara ya ɗaga bindigar. Ko hannu bai wanke ba ya bugi ƙasa ya yi taimama, ya shiga gaba ya ja abokansa salla. In addinin ke nan, mi zan ce wa Allah da kalmomin da na ji a bakinsa?"

Na tsorata. Nan na yi kuskurena: na gaya wa Sista a tsakiyar ɗaki, kowa na ji. Matar gado na biyu ta ce, "Subhanallahi, ta bar salla!" Da ma matan kwano ɗaya suke ci. Da aka kawo tuwo, suka ja kwanon can gefe. Inna Hansatu ba ta sake sa abinci a baki ba, kwana biyu. Maganinta kuwa ba a shan sa da yunwa.

Sista ta kira ni ofis. "Abin da mara lafiya ta faɗa miki a kunne, ba na ɗaki ba ne. Kin ji?" Na ce na ji, ina kallon ƙasa.

Baba Isiya mai gadi, wanda ke kira mana salla, shi ya zo. Maza ba sa shiga ɗakin, sai ya tsaya a bakin ƙofa, wurin takalman nan.

"Hansatu, ni nawa ɗan a masallaci suka same shi, wajen Sabuwa, goshinsa a ƙasa. To wanne ne Musuluncin, mai harbin ko wanda aka harba? Ɓarawo ya saci rigarki ya sa ya shiga kasuwa, sai ki ce rigar ce ɓarauniya?"

"Baba, rigar dai ta sha jini."

"Ta sha. Wanke ta za mu yi, ba za mu bar masa ba." Ya juya wajen sauran matan. "Ku kuma malaman gado, wa ya naɗa ku alƙalai? A wane littafi aka ce a hana mai ciwo tuwo? Ku mayar da kwanon."

Suka mayar. Da yamma ta ci loma huɗu, na ƙirga. Dutsen kuwa ba ta taɓa shi ba har aka sallame ta. Amma akwai abin da na gani: duk lokacin da Baba Isiya ya yi kiran salla, babban yatsanta na bin gaɓoɓin yatsunta a ƙarƙashin mayafi, ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon ban gaya wa kowa ba.

Aikin ya koya mini cewa 'yan bindigar nan ba shanu da rayuka kaɗai suke ɗauka ba. Kuma nawa aikin shi ne in kai dutse, ba in kama hannun mutum in ɗora a kai ba.

Ranar tafiyarta na samo wa asibiti wani dutsen daga rafi, da izinin Sista. Ƙaninta da ya zo ɗaukarta ya ɗora ta a kan mashin. Na sa mata baƙin dutsen a cikin ƙunshin kayanta, na ce:

"Inna, don Allah ki tafi da shi. Ba sai yau ba. Ki dai ajiye shi inda hannunki zai kai."