Keken da Kofur Bawa Bai Saya Ba

Har yau ina tambayar kaina: shin Kofur Bawa ya taɓa niyyar sayen keken nan kuwa? Shekara guda ke nan da binne shi, hawaye bai bar idona ba, amsa kuma ban samu ba.

Ku da kuka san mijina kun san bayan ya bar soja, gadi yake yi a wata makaranta can ƙarshen gari. Kullum a ƙafa, ga ciwon gwiwa. Na matsa masa ya sayi keke. Ya yarda, amma ya ce shi ba ya sayen abin da bai yi wa fareti ba. Faretin kuwa shi ne a ɗora ni a baya a hau tudun bayan kasuwa. Kun dai ga jikina. Wai duk keken da ya kai Uwar Ishaya sama bai yi kuka ba, zai kai shi aiki shekara ashirin.

Duk Asabar sai mu tafi shagon Chidi, ɗan Ibon nan mai sayar da kekuna. In ɗaura zanen coci, in hau, matan kasuwa suna ta guɗa. Mu je mu dawo, ya sauka ya matsa taya, ya girgiza kai. Wannan birkinsa da rowa. Wancan ƙararrawarsa ba ladabi. Akwai wani baƙi da aka rasa laifinsa, sai ya ce ya yi tsada. Chidi ya rage. Ya ce to, abin da aka rage wa kuɗi da sauri haka, akwai abin da yake ɓoyewa.

Da gari ya koma hawan mashin, ɗanmu Ishaya ya ce zai saya masa. Kofur ya ce, "Ni da ba kullum nake shan shayi ba, in ajiye abin da zai sha fetur kullum?"

Wata rana kunya ta ishe ni, na ce a ɗora buhun dawa a maimakona. Ya dube ni ya ce buhu ba ya riƙe mutum a ƙugu in an zo gangara.

Shekara huɗu muna haka. Ranar gaisuwa sai ga Chidi ya turo baƙin keken nan har tsakar gida. Ya ce, "Mama, karɓi. Oga ya cinye taya da gwaji, wa zan sayar wa a sabo?" Yana dariya yana share ido. Keken na nan a ɗakina, ba mai hawa.

Ubangiji ya ba shi hutu, shi da gwiwoyin nan nasa, ya sa mu sake haɗuwa.

Ranar Alhamis ɗin da ya tafi, ina shafa masa man zafi a ƙafa, ya kama hannuna ya ce, "Uwar Ishaya, ki wanke zanen nan naki. Chidi ya ce jibi sababbi za su iso."